Kirista ya kai ɗansa makarantar gwamnati ko ya cire shi? Fashin baƙin muhawarar da ta raba kan coci-cocin Amurka

Shin ya dace Kirista ya kai ɗansa makarantar gwamnati? In ka yi wa wani uba wannan tambaya a Kafanchan ko Numan ko Wusasa, zai ɗauka maganar rufin ajin da iska ta yaye kake yi, ko malaman da suka yi wata uku ba albashi. A Amurka tambaya ce ta aƙida. Ta kai wasu fastoci na faɗa a gaban jama'a cewa uban da ya bar ɗansa a makarantar gwamnati ya ci amanar da Allah ya ɗora masa, wasu fastocin kuma na mayar musu da cewa wanda ya guje wa makarantar unguwarsu maƙwabcinsa ya guje wa.

Maganar ta sake ɗaukar zafi bayan 27 ga Yunin 2025, ranar da Kotun Ƙolin Amurka ta ba wasu iyaye na jihar Maryland gaskiya a kan hukumar makarantunsu, a rikicin wasu littattafan yara masu maganar auren jinsi da sauya jinsi. Guntattakin bidiyon muhawarar na iso mana ta waya, kowa da abin da yake tsinta. Wannan ya ce an kori Allah daga makarantun Amurka, wancan ya ce ai yanzu an mayar da Littafi Mai Tsarki cikin aji. Kowannensu ya kama gefe ɗaya na zancen ya saki sauran.

Wa ke da makarantar, wa ke biya?

Gwamnatin tarayya da ke Washington ba ita ke gudanar da makarantun ba, ba kuma ita ke rubuta manhaja ba. Kowace jiha cikin 50 da dokarta, a ƙarƙashin jihohin kuma akwai gundumomin ilimi wajen 13,000, kowace da hukumarta, wadda a yawancin wurare mutanen gari ne ke zaɓen wakilanta da ƙuri'a. Kuɗin ma daga ƙasa yake tasowa. Abin da tarayya ke bayarwa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba, sauran daga jiha ne da harajin gidaje da filaye na yankin. Yaro kuma adireshin gidansu ne ke zaɓa masa makaranta, shi ya sa mai neman gida a can kan tambayi makarantar unguwar kafin ya tambayi yawan ɗakuna.

Don haka makarantar ƙauye a Alabama, inda hedimasta dattijo ne a cocin garin, malamar aji biyu kuma ita ke koyarwa a makarantar Lahadi, da wadda ke tsakiyar San Francisco, suna kawai suka haɗa da tsarin mulkin da ya ɗaure su. Abin da yaro ke ji yana gani a cikinsu ya sha bamban. Rabin hayaniyar daga nan take fitowa: mutum ya ga abin da aka yi a gunduma guda, ya yanke wa 13,000 hukunci.

Yara kusan miliyan 49 ne ke makarantun gwamnati. Masu zaman kansu na ɗauke da wajen miliyan 5, kuma mafi yawansu na addini ne. Hanya ta uku ita ce karatun gida, inda iyaye, galibi uwa, ke karantar da yaro a falo ko kan teburin cin abinci tun daga baƙi har ya gama sakandare. Lissafin nan kaɗai ya nuna abin da masu wa'azin ficewa ba su cika faɗa ba: har gobe mafi yawan 'ya'yan Kiristocin Amurka a makarantar gwamnati suke.

Makarantar da aka kafa don a karanta Littafi Mai Tsarki

Abin mamakin shi ne masu addini ne suka haifi wannan makaranta. A 1647 Turawan da suka zauna a Massachusetts suka yi doka cewa duk garin da ya kai gida 50 sai ya ɗauki malami, dalilinsu kuwa a rubuce yake cikin dokar: Shaiɗan yana son mutane su zauna cikin jahilci don kada su iya karanta Nassi. Da Horace Mann ya karɓi ragamar hukumar ilimin jihar a 1837 ya shiga yaɗa makarantar kowa da kowa, ya bar karatun Littafi Mai Tsarki a ciki, sai dai ya ce a karanta kawai ba tare da fassarar wata ɗarika ba. A ganinsa ya yi adalci.

'Yan Katolika, waɗanda a lokacin suke kwararowa daga Ireland da Jamus, ba su ga adalcin ba. Fassarar da ake karantawa ta Furotesta ce, waƙoƙin na Furotesta, littattafan tarihi kuma cike da sukar Fafaroma. A Philadelphia Bishop Francis Kenrick ya roƙi a bar 'ya'yan Katolika su karanta tasu fassarar. Aka juya maganar aka ce Katolika na so a fitar da Littafi Mai Tsarki daga makaranta, a 1844 gari ya rikice, aka ƙona coci biyu na Katolika, aka rasa rayuka. Ke nan Kiristocin farko da suka ce makarantar gwamnati ba ta dace da 'ya'yansu ba, daga hannun wasu Kiristocin suka gudu. A 1884 bishop-bishop ɗinsu suka taru a Baltimore suka yanke cewa kowace ikilisiya ta gina makarantarta. Da sisin talakawa da aikin sistoci masu koyarwa kusan kyauta aka gina tsarin da ya kai ɗalibai fiye da miliyan 5 a shekarun 1960. Yau bai kai miliyan 2 ba, saboda sistocin sun yi ƙaranci, malamin albashi kuma sai an biya shi.

Jihar Oregon ta taɓa yunƙurin rufe wannan ƙofa, ta yi doka a 1922 cewa dole kowane yaro ya je makarantar gwamnati. A 1925 Kotun Ƙoli ta soke dokar, ta ce yaro ba mallakin hukuma ba ne, waɗanda suka rene shi suna da haƙƙin tsara tarbiyyarsa. A kan wannan hukunci duk makarantun addini na ƙasar suke tsaye, har da na Musulmi da na Yahudawa.

Furotesta kuwa sun ci gaba da ɗaukar makarantar gwamnati a matsayin tasu har farkon shekarun 1960. Jihar New York ta tsara wata gajeruwar addu'a mai kalma 22 da yara kan yi da safe a tsaye bayan gaisuwar tuta: a amsa cewa ga Allah Maɗaukaki aka dogara, a roƙa wa kai da iyaye da malamai da ƙasa albarka. Ba a ambaci Yesu ba, ba a ambaci wata ɗarika ba, yaron da iyayensa ba sa so yana iya yin shiru. Duk da haka wasu iyaye, ciki har da Yahudawa da marasa addini, suka kai ƙara, a 1962 kotu ta ce ba aikin gwamnati ba ne ta rubuta wa mutane addu'a. Shekara ta zagayo, a 1963 ta soke dokar Pennsylvania da ta wajabta karanta aya goma kowace safiya. Hujjarta gyaran farko na tsarin mulki, na 1791, wanda ya hana gwamnati kafa addinin hukuma ya kuma hana ta tauye wa kowa addininsa. Daga waɗannan hukunce-hukunce biyu ne maganar "an kori Allah daga makaranta" ta samo asali.

Me aka hana, me aka bari?

Abin da aka hana shi ne makaranta, a matsayinta na hukuma, ta jagoranci ibada ko ta tallata wani addini. Malami ba zai tsaya gaban allo ya ce a rufe ido a yi addu'a ba. Amma yaro yana da damar yin addu'arsa kafin ya ci abinci, ya shigo da Littafi Mai Tsarki cikin jaka, ya yi wa abokinsa maganar bangaskiya a lokacin tara. Dokar tarayya ta 1984 ta ce duk sakandaren da ta bar ɗalibai su kafa ƙungiyoyin da ba na darasi ba, dole ta bar masu nazarin Littafi Mai Tsarki su kafa tasu. Hukuncin 1963 ɗin kansa ya ce babu laifi a koyar da Littafi Mai Tsarki a matsayin adabi ko tarihi.

Akwai ma wata kafa da kotu ta amince da ita tun 1952, wadda aka farfaɗo da ita a 'yan shekarun nan. In iyaye sun sa hannu, ana iya fitar da yaro daga harabar makaranta a tsakiyar rana a kai shi darasin addini, muddin ba da kuɗin gwamnati ba. Wata ƙungiya da ta taso daga Ohio, LifeWise, ta mayar da abin sana'a. Jar motarta takan tsaya a bakin ƙofa, yara su fito a jere su shiga, a kai su wani ɗaki a cocin da ke kusa, a karanta musu labarin Yusufu ko Dawuda, a dawo da su kafin darasi na gaba. Iyayen yaran da suka rage a aji na ƙorafin cewa 'ya'yansu kan ji kamar an ware su, wasu gundumomi ma sun janye izinin.

Kotun kanta ta sauya alƙibla. A 2022 ta ba wani kocin ƙwallo na jihar Washington gaskiya, wanda ya rasa aikinsa saboda durƙusawa yana addu'a a tsakiyar fili bayan wasa. Louisiana a 2024 da Texas a 2025 sun yi dokar liƙa Dokoki Goma a kowane aji, abin da kotu ta taɓa hana Kentucky a 1980, maganar kuma ta koma gaban alƙalai.

Hujjar masu cewa a fice

Waɗannan ba addu'ar safe ce ta fi damunsu ba. Cewa suke babu ilimin da ba shi da aƙida. Makarantar da ta koyar da tarihi da kimiyya da tarbiyyar zaman duniya shekara 13 ba ta ambaci Allah ba, to ta koya wa yaro darasi guda ba tare da ta furta ba: ana iya fahimtar komai ba da Shi ba. Sukan kawo lissafi. Kwana 180 a shekara, awa shida da rabi a rana, ya tashi wajen awa 15,000 kafin yaro ya gama, a gefe guda kuma awa ɗaya ko biyu na ranar Lahadi. Sukan jawo Maimaitawar Shari'a 6:6-7, inda aka umarci iyaye su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune da tafe, da kwanciya da tashi, da Karin Magana 22:6, da Afisawa 6:4. Mu a nan da mun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai wa'azin nan Voddie Baucham, baƙar fatar Amurka da ya yi shekaru yana koyarwa a Zambiya, ya shahara da cewa wanda ya tura 'ya'yansa wurin Kaisar ya karantar da su, kada ya yi mamaki in sun dawo masa Romawa.

Abubuwan da ake nunawa da yatsa suna sauyawa da zamani. A 1925 ka'idar Darwin ce ta asalin halitta, lokacin da aka ci wani malami, John Scopes, tarar dala 100 a Tennessee saboda koyar da ita. Daga baya ilimin jima'i ya karɓi wurin. Yanzu maganar auren jinsi ce da sauya jinsi, musamman inda makaranta ke kiran yaro da sabon suna ba da sanin iyayensa ba. Annobar korona ta ƙara rura wutar, domin da aka koma karatu ta kwamfuta a 2020, iyaye na kicin suna jin abin da malami ke faɗa. Hukumar ƙidayar Amurka ta gano cewa gidajen da ke karatun gida sun tashi daga kashi 5.4 a bazarar 2020 zuwa kashi 11.1 a farkon Oktoban shekarar, a gidajen baƙar fata kuwa daga kashi 3.3 zuwa 16.1. Adadin ya sauka bayan an buɗe makarantu, amma bai koma inda yake da ba.

Sai dai ko a tsakanin masu ra'ayin riƙau ba a mayar da ficewa farilla ba. A 2004 wasu mutum biyu suka kai ƙuduri gaban babban taron Baptis na Kudu, ɗarikar Furotesta mafi girma a ƙasar, suna neman a kira iyaye su cire 'ya'yansu. Taron bai amince ba. Ba abin mamaki ba ne, domin cocin cike yake da malamai da hedimastoci da direbobin motar makaranta.

Hujjar masu cewa a zauna

Su kuma Matiyu 5 suke buɗewa, inda Yesu ya kira almajiransa gishirin duniya da hasken duniya, su tuna cewa an koya wa Musa dukkan hikimar Masarawa, Daniyel kuma a makarantar sarkin Babila ya yi karatu bai bar Allahnsa ba. Masu ficewa kan amsa cewa Daniyel kama shi aka yi aka kai, ba ubansa ne ya yi masa rajista ba, kuma yaro ɗan shekara shida ba ɗan mishan ba ne. A nan na ga sun fi gaskiya. Ɗora wa ƙaramin yaro nauyin gyara makaranta zalunci ne. In akwai mai zama gishiri a wurin, uwa ce mai zuwa taron iyaye da malamai, da uban da ya tsaya takarar hukumar ilimi, da malamar da ta zaɓi ta yi aiki a unguwar talakawa.

Hujjarsu mafi nauyi ta maƙwabtaka ce. Ana raba kuɗin makaranta ne bisa yawan ɗalibai. In iyaye masu hali, masu bibiyar aikin gida, masu iya ɗaga murya a taro suka kwashe 'ya'yansu, kuɗi ya bi su, murya ta bi su, sai a bar ɗan gwauruwa mai aiki biyu, da yaro mai buƙata ta musamman wanda doka ta tilasta wa makarantar gwamnati ta karɓa amma mai zaman kanta tana iya cewa ba ta da wurinsa. Yawancin waɗanda aka bari ɗin ma Kiristoci ne.

To wace hanya ce ta fi riƙe wa yaro bangaskiyarsa? Masanin zamantakewa Christian Smith na Jami'ar Notre Dame ya bi dubban matasa tun farkon shekarun 2000 har suka girma, abin da ya fi fitowa fili kuwa shi ne babu abin da ke nuna makomar addinin yaro kamar yadda iyayensa ke riƙe da nasu, da yadda ake hirarsa a gida a ranakun da ba Lahadi ba. Cibiyar Cardus, wadda ita kanta ta Kiristoci ce, ta samu cewa waɗanda suka gama makarantun Furotesta sun fi zuwa coci da ba da zakka bayan sun girma. Amma gidan da ya matse bakin aljihu ya biya makarantar addini, dama gida ne da addini ke da muhimmanci a cikinsa, raba tasirin gida da na makaranta kuwa aiki ne ja. Abin da ba a gardama a kai shi ne masu kiran kansu Kirista a Amurka sun sauka daga kashi 78 a 2007 zuwa kashi 62 a binciken cibiyar nazarin ra'ayin jama'a ta Pew na 2023 zuwa 2024. Ɗora wa makaranta wannan duka rashin adalci ne a zamanin da waya ke kwana ƙarƙashin matashin yaro, ko a wace makaranta yake.

Tabon da ba a son tonawa

Akwai dalilin da ya sa yawancin coci-cocin baƙar fata ke kallon kiran ficewa da gefen ido. Bayan hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata, fararen fata a jihohin Kudu sun buɗe ɗaruruwan makarantu masu zaman kansu, da dama a harabar coci da sunan Kirista a allon ƙofa, don kada 'ya'yansu su zauna benci ɗaya da baƙaƙe. Gundumar Prince Edward ta Virginia rufe makarantunta ta yi gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964, 'ya'yan farare suka koma ta kuɗi da tallafin hukuma, 'ya'yan baƙaƙe da yawa suka zauna shekara biyar ba aji. Ba adalci ba ne a shafa wa iyayen yau wannan baƙin fenti, ga baƙar fata da kansu suna rungumar karatun gida saboda nasu dalilan. Amma duk wanda ya ba da tarihin makarantun Kirista ya fara daga 1962 ya tsallake 1954, bai ba da shi duka ba.

Karatun gida ma da nasa ramin. Tun 1993 ya halatta a duk jihohi 50, bayan gwagwarmayar lauyoyin Kirista da suka kafa ƙungiyarsu a 1983, saɓanin Jamus inda har yau laifi ne. Sai dai a wajen jihohi goma, ciki har da Texas, iyaye ba sa ma buƙatar sanar da kowa cewa sun cire yaro. Akwai gidajen da ke fitar da yara masu shiga manyan jami'o'i, akwai kuma inda yaro ke ɓacewa daga idon duk wani babba da zai lura ba ya iya karatu, ko ya ga tabo a jikinsa.

Aljihu

Duk wannan muhawara ta mai zaɓi ce. Makarantar addini dubban daloli ce a shekara kan kowane yaro, bayan harajin da uba ya riga ya biya wa ta gwamnati. Karatun gida kuma yana nufin albashi ɗaya ya fita daga gidan. Fasto ya tsaya ya ce ficewa wajibi ne, a layin baya ga mace mai 'ya'ya uku da ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi, me ya ba ta in ban da nauyin zuciya?

Shi ya sa faɗan ya koma kan kuɗin gwamnati ya bi yaro duk inda iyayensa suka kai shi. Kotun Ƙoli ta halatta hakan a shari'ar Cleveland ta 2002, a 2020 da 2022 kuma ta ce jihar da ke tallafa wa makarantu masu zaman kansu ba ta da ikon ware na addini. Arizona ta buɗe tallafin ga kowane yaro a 2022, Texas ta ware dala biliyan 1 a 2025, wajen dala 10,000 kan kowane ɗalibi. Sakamakon bai zo yadda aka yi talla ba. A Arizona yawancin waɗanda suka fara nema dama ba a makarantar gwamnati suke ba, wato an ɗauke wa masu biya nauyin da suke ɗauka ne. A Louisiana bincike ya nuna yaran da suka koma makarantu masu zaman kansu da tallafin sun ja baya a lissafi a shekarun farko. Kuma a Nuwamban 2024 masu zaɓe a Kentucky da Nebraska, jihohin da Donald Trump ya lashe da rata mai yawa, sun yi watsi da tsarin. A ƙauye makarantar gwamnati ita ce babbar ma'aikata, ita ce filin ƙwallon daren Juma'a, wata makarantar kuma babu ita ko da an ba ka kuɗin.

Shari'ar da Musulmi ya ja gaba

A 2022 gundumar Montgomery ta Maryland ta shigar da littattafan labarai masu ɗauke da auren jinsi da sauya jinsi cikin darasin Turanci na ƙananan yara. Da farko ana sanar da iyaye, mai so ya cire ɗansa daga darasin. A Maris na 2023 hukumar ta soke wannan dama, ta ce masu neman fita sun yi yawa har abin ya gagari malamai. Sai ga mata masu hijabi da Kiristocin Habasha cikin fararen mayafansu a layi ɗaya a ƙofar ofishin hukumar suna zanga-zanga. Sunan da ke kan takardar ƙarar na Musulmi ne, Tamer Mahmoud, tare da iyaye 'yan Katolika da na Orthodox. Alƙalai shida suka goyi bayansu, uku suka ƙi, Mai Shari'a Sonia Sotomayor ta yi gargaɗin cewa makarantu za su riƙa cire duk littafin da ka iya jawo ƙorafi don gudun wahala.

Kotun ba ta ce a cire littattafan ba. Cewa ta yi a sanar da iyaye a kuma bar su su janye 'ya'yansu. Muhimmancin hukuncin ga tambayarmu shi ne ya rage ƙarfin cewa zaɓi biyu ne kawai, ko ka haɗiye komai ko ka fice. Uban da ba shi da kuɗin makarantar coci yanzu yana da abin riƙewa a cikin ta gwamnati.

Ina abin ya shafe mu?

Tsoron kada makaranta ta raba yaro da addinin gidansu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, sai dai a nan Musulmi ne suka fara jin sa. Tun da Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, iyaye sun yi ta ɓoye 'ya'ya don kada boko ya mayar da su Nasara. Kiristocin Arewa kuwa makaranta ce ta raine su, ƙorafinsu na daban ne: a farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, St. John's ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Queen Amina, St. Paul's ta Wusasa ta zama Kufena. Legas ta mayar da wasu ga masu su a 2001, Anambra ta bi baya a 2011, inda aka mayar kuma sau da yawa kuɗin makarantar ya fi ƙarfin talakan da baikonsa ya gina cocin.

Makarantar gwamnati a Najeriya ba ta yi shiru kan Allah ba. Ana addu'a a taron safe, darasin addinin Kirista da na Musulunci suna cikin manhaja, da aka cusa su ƙarƙashin darasi ɗaya ma ƙungiyar CAN ta tada jijiyar wuya a 2017 har aka ba da umarnin raba su. Matsalarmu ita ce addinin wa ake ji a taron safen, da wa aka ɗauka ya koyar. Kiristoci a wasu jihohin Arewa sun daɗe suna kukan cewa ba a ɗaukar malaman darasin addininsu, Musulmi a wasu jihohin Kudu na irin wannan kuka, ga rikicin hijabi da ya sa aka rufe makarantu goma a Ilori a 2021. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su yarda da ita ba. Haƙƙin da iyayen Maryland suka yi shekara biyu a kotu kafin su samu wani yanki nasa, a rubuce yake a namu kundin, ko da yake iyaye ƙalilan ne suka san da shi, hedimastocin da aka taɓa tunatarwa da shi kuwa sun fi su ƙaranci.